Gurbin Tanko Mai Goge

Ummi, wannan babin naki ne. Na san kafin ki kai ga karanta shi labarin zai riga ni zuwa wurinki, domin a Unguwar Gai babu gidan da ba a tauna shi ba, kuma kowa da irin gishirin da yake zuba masa. Wasu za su ce na kai ki gidan rawa kina jaririya don son zuciyata. Wasu za su ce wani abu ne ya shige ki a can. A cinyata kike ranar, ni na ga abin da na gani, don haka bari in faɗa miki yadda aka yi tun ban fara mantawa ba.

Kin fara rarrafe a ƙarshen damina, lafiyarki ƙalau, ga kumatu, ga ido, ko ƙuda ne ya gifta ta gabanki sai kin bi shi da kallo. Abu ɗaya ne ya hana ni sakat. Ba kya juyowa. In na kira ki ta baya, ba kya juyowa. In akuya ta ture kwano kowa ya zabura, ke kina nan kina wasa da yatsun ƙafarki. Wata rana aka yi tsawa da rana tsaka, kaji suka shige ƙarƙashin rumbu, ni kaina sai da na saki muciya, na waiwaya na gan ki kwance a tabarma ko gezau ba ki yi ba. Daga ranar na shiga gwada ki a ɓoye. In faki idon mutane in zagaya bayanki in tafa. In saki murfin tukunya. In goya ki in kai niƙa da kaina, in tsaya daf da injin har kunnena ya toshe. Gwarancin nan na yara ma kin ɗan fara, sai kika daina. Kukanki gajere ne, kamar na wadda ta ɗauko magana ta fasa.

Inna, kakarki ta wajen uba wadda kika ci sunanta, ita ta kama ni ina sakin murfi a bayanki.

"Ke, fasa mana tukwane za ki yi, ko haukacewa kike shirin yi?"

"Inna, ba ta juyowa ne."

"Miskilanci ne. Ubanta ma haka ya yi, ana kiransa yana kallon bango kamar mai bin bango gaisuwa." Ta sunkuya ta ɗauki murfin ta duba ko ya lotsa. "In ma wani abu ya same ta, ai ke kika jawo. Tun ciki yana ƙarami kike kifa mata wayar nan, goge na tsiyaya kamar a gidan masu iska. Na faɗa, na sake faɗa."

Maganar ta zauna min a ƙirji, domin gaskiya ne ina kifa miki wayar.

Sai in yi miki bayanin 'Yan Zagaye, don ban san ko za ki tarar da su ba. Makaɗa ne a Rano, suna kiɗa a wani tsohon kulob na ma'aikata duk Asabar, daga bayan la'asar zuwa gab da magariba. Ba sa waƙa, ba sa yabon kowa. Zama suke yi a da'ira, akwai kalangu, da ƙwarya, da jita, da fiyano mai batir, da sarewar wani Bafulatani mai suna Buba, sai goge. Ɗaya zai ɗauko kiɗa ya ja shi inda ya ga dama, sauran su bi shi, in ya gaji ya miƙa wa na kusa da shi da ido, a haka har a zagayo. Kiɗa ɗaya sai ya cinye yammar gaba ɗaya. Kuma suna da wata ƙa'ida da ba sa karyawa. Duk ƙarar da ta faɗo musu daga waje, sai sun ɗauka. In zakara ya yi cara a bayan katanga, sarewa za ta amsa masa. In mai babur ya danna hon, sai ka ji jita ta maimaita, kafin ka ankara an gina kiɗa a kai. Shi ya sa ba su taɓa yin abu iri ɗaya ba, shi ya sa kuma masu son su suke ɗauka a waya suna tura wa juna, kowace rana da sunanta. Akwai ta ranar da janareta ya mutu. Akwai ta ranar ƙanƙara. Akwai ta ranar da tunkiya ta shigo fili, wadda na fi so, na ji ta har na san inda wani mutum zai yi tari a ciki.

Babanki yana acaba tsakanin Kibiya da Rano, wani lokacin shi ke ɗaukar musu kaya, ta nan kiɗan ya shigo ɗakina tun ina amarya. Ban taɓa ganinsu ido da ido ba, amma na san hannun kowa. Wanda na fi sani shi ne Tanko mai goge. Shi ba ya shiga kiɗa daidai da kowa. Sai ya ɗan makara, kamar baƙon da ya tsaya a bakin zaure yana jira a ce masa bismillah, sannan ya shigo da wani sauti siriri, ya ja shi, ya ɗaga ƙarshensa sama kamar mai tambaya. Ina ɗauke da tsohon cikinki aka ce ya rasu, 'yar rashin lafiya ce ta kwana kaɗan. Bayan nan duk kiɗan da babanki ya kawo sai in ji ya yi tsalle a tsakiya, kamar an yanke wani wuri an haɗa. Na ɗauka wayar ce ta tsufa.

Ga tunanin da na yi. Tun kina ciki babu abin da kika fi sani a duniya kamar kiɗan nan. In akwai ƙarar da za ta juyo da ke, ita ce. Na gwada na waya ba ki kula ba, sai na ce wa kaina ai sautinta ƙarami ne, lasifikar ma ta fashe. Asibiti kuwa ina tsoronsa, don gani nake in likita ya furta, shi ke nan abin ya tabbata. Na jira babanki ya dawo cin abincin rana, yana wanke hannu na tare shi.

"Malam, ranar Asabar ka kai mu Rano."

"Asibiti?"

"Wurin 'Yan Zagaye."

Ya tsaya da hannu cikin ruwa. "Da goyo? So kike Inna ta kore mu, ni da ke da babur ɗin?"

"Kai ka ce min mata na zuwa, har benci aka ware musu."

"Matan Rano na ce, ban ce matan Unguwar Gai ba."

"In ta juyo, wallahi ba za ka sake jin bakina ba. In ba ta juyo ba, ka kai mu asibitin Kano, na yarda."

Ya daɗe yana kallonki kina jan igiyar takalminsa. Shi ma ashe yana gwada ki a ɓoye, daga baya ya faɗa min, yana danna hon in zai fita yana leƙen ko za ki waiwayo. Ranar Asabar ya ce wa Inna zai kai mu Rano. Ba ta tambaye shi wane wuri ba.

Kulob ɗin yana bayan tasha. Gajeriyar katanga ce da bishiyoyin darbejiya, a tsakiya wata babbar rumfar kwano mara bango, ƙasanta siminti duk ya tsattsage. Mai shayi da mai tsire suna bakin ƙofa. Hadari ya haɗu a gabas ta kan duwatsu amma ya ƙi tasowa, iska ta tsaya cak, har hayaƙin tsiren miƙewa yake sama kamar zare. Babanki ya nuna min ɓangaren mata ya wuce na maza. Mun ɗan makara, bencin mata duk sun cika, sai guda ɗaya can gaba, daf da makaɗan, babu kowa a kai. Na yi murna, don kusa nake so. A gefensa, cikin da'irar, an shimfiɗa tabarmar kaba, an ɗora wani abu a kai naɗe da farin ƙyalle. Ina zama wata mata ta jawo min hijabi ta baya.

"Baiwar Allah, ba a zama nan."

Kafin in ce mata don me, Baba Ɗanjuma mai kalangu, shi ne babbansu, tsoho mai furfura a gira, ya matse kalangun a hammata ya buga. Matar ta sake ni. Na hango babanki yana ɗaga min hannu daga nesa, na ɗauka cewa yake in kwantar da hankalina. Na sauko da ke na zaunar a cinyata, fuskarki tana kallona, bayanki ga makaɗan, yadda in kin juya zan san jin ne ya juya ki.

Ummi, ba zan ɓoye miki ba, na ɗan manta da ke. Abin da nake ji a waya ashe inuwarsa ce kawai. Ƙwarya tana shiga ta tafin ƙafa ta hau har haƙora. Kalangu yana magana, yana tsokanar jita, jita tana rama masa, mutane na dariya kamar sun ji zagin da aka yi. Cokalin mai shayi ya bugi kofi, kan-kan, sai mai fiyano ya cafke shi, aka ja shi aka yi ta juyawa har na rasa inda aka faro. Na ga hannun da na daɗe ina ji, na ga mai jita ashe yaro ne siriri mai rufe ido, na ga Buba yana kaɗa gwiwa ɗaya. Can suka haɗu gaba ɗaya suka ɗaga, kwanon rumfar yana rawa, maza suka miƙe suna ihu. Sai na tuna abin da ya kawo ni. Na sunkuya na dube ki. Kina tsotsar bakin hijabina, idonki a kan ɗankunnena. Duk duniyar tana girgiza a bayanki, ke ba ki sani ba. Na ce shi ke nan, na samu amsata, bari a ɗan lafa in tashi.

Kiɗan ya sauko. Mai fiyano ya miƙa wa Buba, Buba ya ja sarewarsa a hankali, doguwa, irin ta masu kiwo in yamma ta yi. Da ya gama, sai ya juya idonsa ga na kusa da shi. Na kusa da shi tabarmar nan ce.

Komai ya tsaya.

Maza suka sauke wayoyinsu. Mai shayi ya riƙe cokali a sama. A nan na gane tsallen da nake ji a waya, ashe wannan wurin ne ake yankewa. Tun da Tanko ya rasu ba su sa kowa a gurbinsa ba. In zagaye ya zo kansa sai su ba shi lokacinsa kamar yana nan, su yi shiru, kowa ya yi shiru, kuma bencin da ke kusa da shi ba a zama. Duk wanda ke wurin ya san haka, ban da ni. Amma ba shirun ne ya tayar min da tsigar jiki ba. Kawunansu ne. Makaɗan duka suna gyaɗa kai tare, a kan kiɗan da babu shi, babu wanda ya riga wani. Baba Ɗanjuma ya karkata kunne wajen tabarmar. Mai jita har ya yi murmushi a wani wuri, irin murmushin da ake yi in gwani ya yi abin gwaninta, kuma a daidai wurin mai ƙwarya ma ya lumshe ido. Wata iska mai sanyi ta shigo ƙasa-ƙasa, ta ɗaga bakin farin ƙyallen, na ga wuyan gogen.

Sai na ji kin sandare a hannuna. Kika saki hijabin. A hankali kika juya, kai da kafaɗa, har sai da na tallafe ki kada ki faɗi. Ba makaɗan kika kalla ba, ba kuma ƙyallen ba. Sama da tabarmar kaɗan kika kalla, daidai inda kafaɗar mutum za ta kasance in yana zaune. Kika buɗe baki kika saki wani sauti siriri, dogo, wanda ban taɓa jin irinsa a bakinki ba, kika ɗaga ƙarshensa sama. Kuma ba daidai da gyaɗa kansu kika shigo ba. Kin ɗan makara.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji matar da ke bayana.

Baba Ɗanjuma ya buɗe ido ya dube ki. Ƙa'idarsu ce duk abin da ya faɗo a ɗauka, kowa ya san haka, kowa kuma yana jiran ya ga ko za a ɗauki wannan. Buba ne ya fara ɗaga sarewa, ya maimaita abin da kika yi. Kika sake yi. Ƙwarya ta shigo a hankali kamar mai tafiya a kan yatsu, sannan kalangu. Suka bar miki hanya a tsakiya kamar yadda suke bar wa goge, in kin yi shiru su jira, in kin ja su bi. Babu wanda ya yi rawa. Babu wanda ya yi tafi. Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba, na dai san idonki bai bar wurin nan ba sai da kika yi hamma, kika juyo kika cusa kai cikin hijabina kina neman nono. Suka sauke kiɗan nan take, ba su ma ƙarasa zagayen ba.

Mutane suka dare mana hanya, babu wanda ya taɓa ni ko da gefen riga. Ni kuwa murna ce ta cika ni, ina zuwa wurin babur na riƙe hannun rigar babanki.

"Malam, ka gani? Ta juyo! Wallahi tana ji!"

Ya kasa tayar da babur ɗin sai da ya sake takawa. Bai dube ni ba.

"Me ta ji? Ai lokacin babu abin da ake kaɗawa."

Har muka wuce Kibiya ruwa na binmu a baya.

Ashe wani bai sauke wayarsa ba. Kafin mako ya zagayo an sa wa kiɗan suna, ta ranar jaririya, ana jinsa a teburin mai shayi da wurin masu cajin waya. Wasu suna rantsuwa in ka manna kunne za ka ji goge a ƙarƙashin muryarki. Wasu suka ce iska ce a bakin kwano. Ni ban saurara ba, har yau. Matan unguwa suka daina aiko 'ya'yansu su ɗauke ki, in na je rijiya sai hira ta mutu. Inna ta turara ɗakina har idona ya yi ja, ta karɓo rubutu ta ɗura miki, ta sa babanki ya cire katin wayar ya jefa a masai. Tsakanina da ita sai gaisuwa. Babanki ya ce mu tafi Kano kamar yadda muka yi, na ce a'a, sharaɗinmu in ba ki juyo ba ne, kuma kin juyo. Na riƙe wannan juyowar da hannu biyu. Murfin tukunya ma na daina saki, don kada ya ƙaryata ni.

Ana nan wata safiya, an fara yankan gero, babanki ya dawo da fasinja har cikin zaure. Baba Ɗanjuma ne, da buhu a kafaɗa. Ya durƙusa ya gaida Inna. Ta amsa tana kallon buhun.

"Kun gama da matattu, kun dawo kan jarirai?"

"Hajiya, ni ma tsoro ne ya kawo ni. Tun ranar nan ban yi barcin kirki ba. Mutane sun dame ni wai in roƙa a sake kawo ta, na ce ba da ni ba. Abu ɗaya nake so in sani. Shekara da shekaru muna kiɗa da marigayi, wurin shigar nan tasa ko ɗan cikinsa bai iya ba. In yarinyar nan tana ji, to na ce ta saba da shi ne a waya, in koma in yi barcina. Ki ba ni izini in buga mata sau ɗaya."

Inna ta dube ni. Na so in ɗauke ki in shige ɗaki in sa sakata. Kafin in miƙe ta riga ni.

"Buga," in ji Inna.

Ita da kanta ta zaunar da ke a tabarma a tsakar gida, ta zauna a gabanki tana kaɗa miki carbi. Tsohon ya zagaya ta baya, ya fito da kalangun, ya matse shi, ya sauke masa makaɗi da dukkan ƙarfinsa. Tantabaru suka tashi daga kan danga. Jakin maƙwabta ya fara kuka. Ke kina miƙa hannu kina son kama carbi. Ya matso har gwiwarsa ta kusa taɓa bayanki ya sake bugawa, ya sake, har Inna ta runtse ido. Ko gashin idonki bai motsa ba.

Ya tsaya yana haki. Sannan ya zagayo gabanki ya tsuguna, ya kama tafin hannunki ya ɗora a kan fatar kalangun, ya ɗan taɓa ɗaya gefen da yatsa. Kika zabura. Kika dubi hannunki, kika dubi fatar, kika ƙyalƙyale da dariya kina dukanta.

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Daga ƙarƙashinsa na ji muryarta, ita ce ta fara furtawa a gidan nan.

"Ba ta ji."

"To ranar nan fa?" in ji Baba Ɗanjuma.

Ya daɗe a tsugune, sannan ya mayar da kalangun buhu, ya ce daga wannan Asabar za su naɗe tabarmar su kai wa iyalan marigayi gogensu. Ya ƙi shan ruwan da na kawo. Inna ta share ido, ta ɗauke ki ta goya da kanta, ta ce wa babanki gobe ya nemi mota, da ita za a je Kano.

Likitan ya sa miki wasu wayoyi a kai, ya daɗe yana duba na'urarsa, ya ce tun haihuwa ne. Ya ce ba kiɗa ba ne, ba laifin kowa ba ne, kuma ya faɗa da ƙarfi yadda Inna za ta ji. Ya ce babu wata ƙara da ta taɓa shiga kunnenki tun da kika zo duniya. Na buɗe baki zan ba shi labarin Rano, Inna ta taka min ƙafa, na fasa.

Wannan shi ne iyakar abin da na sani. Ragowar ke kaɗai kika san ta, Ummi. Yanzu kin fara riƙe alli, malamarku ta ce hannunki yana da kyau. In kin girma kina tuna wanda kika kalla a kan tabarmar nan, ki rubuta min. In kuma kin ga gara kada in sani, ki bar ni haka.